Watannin da Mahaifiyata Ta Yi Tana Hira da Wayata

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Unguwar Dosa, aka yi mini aikin maƙoƙo. Wuyan ya daɗe yana kumbura ina rufe shi da mayafi, har ta kai in na kwanta numfashi yana yi mini wuya, maigidana ya ce wannan karon ba shawara yake ba ni ba, asibiti za mu je. Aka yi aiki lafiya. Na farfaɗo, na buɗe baki zan ce a ba ni ruwa, sai iska kawai ta fito. Na sake gwadawa, iska. Likita ya yi mana bayani cewa jijiyar da ke motsa murya ce ta taɓu, kuma abu ne da yakan faru a irin wannan aikin. Wani muryarsa takan dawo bayan watanni, wani kuma ba ta dawowa yadda take. Ya ce mu yi haƙuri mu ga abin da Allah zai yi.

Waɗanda suka san ni kafin nan su ne za su gane girman abin. Ni mace ce mai surutu, ban taɓa musun wannan ba. A ɗakin malamai in ban zo ba sai a ce yau makarantar kamar ranar hutu. Maigidana yakan ce tunda ya auro ni bai ga amfanin sayen batirin rediyo ba. To ga shi an wayi gari rediyon ta mutu.

Makonnin farko gidanmu na Malali bai rabu da 'yan dubiya ba. Mutum zai shigo ya ce, "Ya jiki?" kafin in ɗaga hannu ya riga ya amsa wa kansa, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Wasu su riƙa ɗaga murya suna yi mini magana kamar kunnena aka yi wa aiki. Wasu kuma su juya su tambayi maigidana, "Tana cin abinci kuwa?" alhali ga ni zaune a gabansu da cokali a hannu. Na sa aka kawo mini ƙaramin allo da alli daga makaranta, amma hira ba ta jiran alli. Kafin in gama rubuta abin da zan ce a kan tsadar tumatir an riga an wuce zuwa bikin 'yar wance, sai in goge, in ajiye allon a cinya, in ci gaba da murmushi. Ban ga laifinsu ba, zama da wanda ba ya amsawa akwai nauyi. A hankali ƙafa ta ɗauke. Yarana biyu suna makarantar kwana, maigidana kuma ma'aikacin gwamnati ne, in ya fita da safe sai magariba. Gidan ya rage daga ni sai ƙarar firij, in akwai wuta.

Ana haka sai ƙanwata ta kawo mahaifiyarmu daga Rigasa da jakar kayanta. Ta ce Inna ta ce za ta zauna da ni har in warware. Ƙanwata ce ta faɗa, don ita mahaifiyata tana tsaye a gefe tana duba labulen falo kamar shi ta zo gani.

Sai na ɗan yi bayani a nan saboda yaran yanzu da ke bina a shafin nan. Ni ce 'yar farinta, kuma mahaifiyata tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata, can na girma. Ƙannena Inna suke ce mata, ni kuwa Yaya nake ce mata, don da haka na tashi na ji ƙannenta suna kiranta. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. In za ta yi maganata da ƙannena sai ta ce "babbarku", da wasu kuma "waccan". Ba ta kallon fuskata. In tana da saƙo gare ni, ko ina zaune a ɗakin, wani za ta ba: "A ce mata ta ɗauki kwanonta." Da kowa tana wasa da dariya, mace ce mai barkwanci, amma ina shigowa sai ta gyara zama.

Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin matsala ba, saboda bakina yana rufe ramin. In na je Rigasa sai in zauna daga bakin ƙofa in yi ta zuba, labarin makaranta, labarin maƙwabta, ita tana tsintar shinkafa tana cewa "uhm", "to", "Allah ya kyauta". In tashi in tafi ina ganin mun sha hira. Sai da muryar ta tafi na gane ashe duk abin da ke tsakanina da uwata a kan harshena yake tsaye.

A asibiti an haɗa ni da wata matashiyar likitar magana, wadda aikinta shi ne taimaka wa masu irin matsalata. Ita ta ba ni wani kwali da aka lulluɓe da leda, mai hotuna a jere: kofin ruwa, kwanon abinci, gado, banɗaki, ƙwayar magani, da fuskar mutum mai jin ciwo. Ta haɗa mini da 'yar ƙararrawa. Ta ce tunda mai jinyata ba ta karatun boko, in na kaɗa ta zo sai in nuna hoto.

Ƙararrawar ce na kasa. Ta yaya zan kaɗa wa uwar da ta haife ni ƙararrawa kamar ina kiran 'yan aji uku daga hutun tara? Na jefa ta a durowa. Kwalin kuma ya yi aikinsa daidai gwargwado. In ta leƙo sai in ɗaga shi in ɗora yatsa a kan kofi, ta kalli yatsan, ta je ta kawo ruwa, ta ajiye, ta fita. Ba ta taɓa barina da yunwa ko ƙishi ba. Tuwo mai laushi, kunun gyaɗa, romon kaza, komai a kan lokacinsa. Amma na duba kwalin nan gaba da baya, babu hoton da ke cewa "zauna". Duk wanda ya zana shi ya tuna da cikin mara lafiya da mararsa, bai tuna cewa yana son hira ba.

Haka muka yi makonni, mu biyu a gida ɗaya. Ina jin takun silifas ɗinta daga kicin zuwa baranda. Ina jin tana ciniki da mai kayan miya a bakin get har tana ba shi dariya. Ina jin tana amsa wa mai karanta labarai a 'yar rediyonta, ya faɗi abu ta ce, "Kai, Allah ya sawwaƙe." Kowa tana yi masa magana har da wanda ba ya jinta, ban da ni. In na yi mata alama da hannu ba ta gani, don ba ta kallona. In na motsa leɓe ba ta gani. Zan faɗa ba tare da kwana-kwana ba: ban taɓa jin kaɗaici irin na waɗannan makonnin ba, har gara lokacin da nake ni kaɗai a gidan. Wata rana na zauna a bakin gado na yi kuka sosai, kuma ko kukan ba shi da sauti, tana falo ba ta sani ba.

Da na koma asibiti na rubuta wa likitar a allona cewa kwalin bai ishe ni ba. Ta karanta, ba ta yi gaggawar ba ni haƙuri ba, ta tambaye ni wa nake son yi wa magana. Na rubuta: mahaifiyata. Sai ta karɓi wayata ta sa mini wata manhaja, ka rubuta abin da kake so da Hausa, ka danna, wayar ta faɗa da ƙarfi. Ta ce, "Muryar ba taki ba ce, Malama, amma maganar taki ce. Ki gwada."

Na dawo gida da zumuɗi kamar yarinya an saya mata sabon takalmi. Mahaifiyata tana kicin ta ba ƙofa baya. Na tsaya na rubuta, na danna. Abin da ban lura ba, manhajar a kan muryar namiji take. Sai wani ƙato ya ce daga bayanta, "Yaya, sannu da aiki."

Ta saki muciya, ta finciko mayafinta daga kan ƙofa ta rufa, ta ce, "Maraba, sannu da zuwa." Ta juyo a hankali ba ta ga kowa ba sai ni, na dafa bango ina dariyar da ba ta fita har wurin ɗinkin ya fara zafi. Ta kalli wayar da ke hannuna, ta gane. Ta juya ta ce wa tukunya, "A gaya mata ta fitar mini da namiji daga kicin."

Na koma ɗaki na lalubo muryar mace. Wata irin murya ce a daidaice, ba fushi ba fara'a, tana faɗin wasu kalmomin kamar wadda ta koyi Hausa a littafi. Bayan la'asar na same ta a barandar baya tana yankan kuɓewa. Na jawo kujerar tsuguno na ɗora wayar a tsakaninmu, na sake gaishe ta. Ta dubi wayar, yadda ake duban baƙuwa, ta ce, "Ke ce 'yar aiken?"

Na rubuta, "Ni ce."

"To tambaye ta, ciwon kan nan ya sauka?"

"Ta ce ya sauka."

"Ba gaskiya ba ne. Tun safe take matsa goshi."

Na tsaya da waya a hannu. Ashe tana kallona, sai dai lokacin da ba na kallonta.

Kada wani ya ɗauka mahaifiyata ba ta san ni ce nake rubutawa ba. Ta sani sarai, tana ganin yatsuna. Abin da ya faru shi ne, duk rayuwarta ta saba in za ta yi mini magana sai da na uku a tsakani, kuma a gidan nan babu na uku. Maigidana surukinta ne, shi ma kunyarsa take ji, daga gaisuwa ba ƙari. Yanzu ga na uku ya samu, wanda ba ya gajiya, ba ya kai gulma, ba ya ɗaga ido ya kalle ta. Ni ma na bi ta a haka. Ban taɓa rubuta "na ce" ba, kullum "ta ce".

Daga ranar zaman baranda ya zame mana ƙa'ida. Ana idar da la'asar za ta fito da abin da za ta gyara, zogale ko wake ko kuɓewa, ta ce, "Ina 'yar aiken? An ba ta caji kuwa?" In an kwana biyu ba wuta har maigidana take sa a tuna wa ya tafi da wayar ofis ya cika ta, ni in wuni da kwalina. Kuma a cikin duk mutanen da na zauna da su a wannan ciwon, ita kaɗai ce take jira in gama rubutu. Hannunta yana aiki, ba ta gaggawar zuwa ko'ina. Ko zan yi minti nawa ina gogewa ina sakewa, ba za ta cike mini maganar ba.

Da farko hirar duniya muke yi. Ta gaya wa 'yar aike cewa miyata gishiri yake yi mata yawa tun ina amarya, ba ta dai samu wanda za ta aika ba. Ta ba ta labarin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin allo ne mai zafi a waje amma a gida tsoron ƙadangare yake ji. Ta kwaikwayi yadda matar ƙanena take tafiya. Na ga mahaifiyar da ƙannena suke ba ni labari, wadda ni sai dai in jiyo dariyarta ta bayan labule. Ina da shekara arba'in da wani abu lokacin, amma ji nake kamar yau aka gabatar da ni gare ta.

Wata rana tana gyaran wake na daure na rubuta abin da ya daɗe a raina. "Ta ce, lokacin da ta yi ƙyanda a gidan kaka, an ce har an fitar da rai. Me ya sa ba ki zo ba?"

Ta ci gaba da tsintar waken har na ɗauka ba za ta amsa ba. Can ta ce, "Wa ya ce mata ban zo ba?"

Ta juya waken a faifai, ta ɗora.

"Na zo. Da goyon ƙaninta a bayana na tako. Na zauna a tsakar gida, tana cikin ɗaki ina jin tarinta. Gidan cike da mutane, ga kawunnanta, ga matan gida. Na gaida kowa. Na tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya, har awaki na tambaya, ina jira ko wani zai ce mini ga halin da yarinyar take ciki ba tare da na tambaya ba. Ba wanda ya ce. Su ma kunyata suke tayawa. Da rana ta yi sanyi na ce zan koma, aka raka ni bakin zaure." Ta watsar da wani ruɓaɓɓen wake. "Na kai gida ban san ko za ta kwana ba."

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Abin da wayar ta faɗa a ƙarshe, da muryar nan tata da ba ruwanta, shi ne, "Ta ce ita ta ɗauka ba ki damu da ita ba ne."

Ta ajiye faifan a ƙasa. "Ce mata ta yi istigfari."

Sai kuma ta ce, a hankali, "Da aka tafi da ita yaye, nonona ya fi mako yana zuba. Zanen da nake goya ta da shi ban wanke ba sai da ƙanshinta ya fita da kansa. Wa zan faɗa wa? A lokacinmu in ka nuna, an yi ta yi da kai ke nan har ka tsufa." Ta ɗauki faifanta. "Ke dai 'yar aike, kin iya tono."

Ranar muka zauna har aka kira magariba, ita tana tsinta, ni ina kallon hannunta.

Duk wannan lokacin ina zuwa wurin likitar magana, tana ba ni aikin gida. In dafa bango da tafin hannu in tura ina ƙoƙarin cewa "aa". In juya wuya gefe in yi gunji. In sa bututun shan lemo a kofin ruwa in yi ta hurawa yana kumfa. Ku yi tunanin babbar malama, uwar 'yan sakandare, zaune tana wasa da ruwa a kofi. Mahaifiyata ta wuce ta gani ta ce wa wayar, "Tambaye ta, wannan ma a cikin kuɗin asibitin yake?"

Wajen wata na biyar abu ya fara motsi. Da farko raɗa, daga baya wani sauti mai kaushi kamar ana jan ƙofar langa-langa. Ranar da na ce wa likitar "ina kwana" da bakina, ta tashi ta rungume ni. Sannan ta ce, "Yanzu saura gida. Wayar nan sanda ce, ƙafa kuma ta fara taka ƙasa. In kika ci gaba da dogara da ita muryar ba za ta yi ƙarfi ba. Ki riƙa magana da mutanen gida, ko kaɗan-kaɗan."

Na shiga keke zuwa Malali ina murna, ina kuma fargaba. Na san mahaifiyata. Na san abin da ya buɗe bakinta, na kuma san abin da zai rufe shi. Amma ina son muryata, ina son ajina, ina son in kira yarana su amsa. Kuma ba zan iya zama kusa da matar da take tashi tana yi mini addu'ar samun sauƙi in ɓoye mata cewa sauƙin ya zo ba.

Da la'asar ta fito da zogale. Na zauna, na kifa wayar a kan kujerar. Na ce, da wannan muryar tawa mai tsatsa, "Yaya, sannu da aiki."

Hannunta ya tsaya cak. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Alhamdulillahi." Ta sake cewa, "Alhamdulillahi." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba na hango ta ta kai goshi ƙasa, ta daɗe a haka. Da ta fito idonta ja, ta sunkuya ta ɗauki tiren zogalen ta wuce kicin da shi. Na zauna a barandar ni kaɗai ina jin tana ƙarasa gyaran a can.

Kafin magariba na ji tana waya da ƙanwata. "Ki zo gobe ki ɗauke ni. Babbarku ta samu sauƙi."

Washegari tana haɗa kaya na zo bakin ƙofa da wayar. Na koma wa tsohuwar hanya, na rubuta, na danna. "Ta ce ki ƙara ko mako ɗaya ne."

Ta zuge jakarta. Ta dubi wayar da fara'a, irin kallon da ake yi wa wanda aka yi zaman arziki da shi, ta ce, "'Yar aike, ai kin gama aikinki. Allah ya saka miki da alheri. Mai maganar ta samu bakinta." Ƙanwata ta iso, aka sa jaka a mota. Ta yi wa maigidana sallama, ta yi wa mai kayan miya sallama, ta ce a ce mini in riƙa rufe wuyana in da sanyi.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na farko ciwo. 'Yan barka suka dawo, gida ya sake cika, kowa yana cewa in faɗi wani abu ya ji. Ina faɗa, ana tafawa. Amma da la'asar ta yi sai in rasa inda zan sa kaina. Akwai tambayoyin da na tanada ban kai ga yi ba. Ban tambaye ta ranar aurena ina ta shiga ba, da aka neme ta aka rasa. Wata rana har na fita barandar na rubuta tambayar na danna, wayar ta karanta wa kujera da igiyar shanya. Na ji kunyar kaina na koma ciki.

Muryar ta tsaya a inda ta tsaya, ba ta kai bayan aji. Da zan koma aiki likitar ta samo mini 'yar na'urar ƙara murya, lasifika ƙarama da ake ɗaurawa a ƙugu da makirfo siriri da ke zuwa gefen baki. Ranar farko da na shiga aji da ita yara suka kwashe da dariya, wani ya ce Malama ta koma tallan maganin gargajiya. Ban hana su ba, ni ma abin da na gani ke nan a madubi. Amma na bayan aji ya ji ni, kuma da ita nake koyarwa har yau.

Sai bayan wata biyu na samu zuwa Rigasa, wata Juma'a da aka taru ana ganin jaririn ƙanena. Ɗakin mahaifiyata cike, yara suna tsalle, mata suna magana a tare, ga janareton maƙwabta yana ruri. Na zauna inda na saba zama tun ina budurwa, a bakin ƙofa. Na gaishe ta. Ko ni ban ji abin da na ce ba.

Ta ce wa ƙanwata, "Me babbarku ta ce?"

Ƙanwata ta ce, "Inna, ai tana da na'ura a jaka, in ta sa har waje ana ji. Anti, fito da ita mana."

Na kai hannu jaka. Sai mahaifiyata ta ce, "A'a. Ba na son ƙarar abin nan, sara mini kai yake yi."

Ba ta taɓa jin na'urar ba, ko ganinta ba ta taɓa yi ba. Ƙanwata ta buɗe baki za ta faɗi haka, sai ta fasa.

"A ce mata ta matso nan. Ba a jinta daga can."

Ta janye ƙafarta, ta ture kwanon goro gefe, wuri ya samu a kan tabarmarta. Na tsallake yara na je na zauna, kafaɗata tana taɓa tata. Matan ɗakin suka ɗan kalle mu, sannan kowa ya ci gaba da abin da yake yi. Ba ta kalle ni ba, idonta yana kan jaririn da ke hannun wata. Ta dai karkato da kunnenta wajen bakina. Duk tambayoyin da na tanada suka gudu. Na ce, "Yaya, ya ƙafar?" Ta ce, "Da sauƙi." A nan na zauna har aka watse.

Mutane sukan turo mini tambaya, musamman masu jinyar wanda ya shanye ko aka yi wa aikin wuya ko yaron da bai yi magana ba, wace na'ura ce ta fi. Nakan ce duk ku nema, kowacce da ranarta. Allo ya yi mini rana, kwali ya yi, waya ta yi, lasifikar nan ita ce abincina. Ku je wurin masu wannan aikin, akwai su, kuma sun san abin da ba mu sani ba. Amma ku tambayi mai ciwon abin da babu a kwalinsa. Kada ku amsa masa gaisuwar da kuka yi masa. In yana rubutu ku jira, ko da kun riga kun gane inda ya dosa. Wanda ya rasa murya ba ruwa da magani kaɗai yake nema ba, kuma ba na'urar da za ta yi amfani in babu mai zama ya saurara.

Game da ni da mahaifiyata kuwa, ba zan ce muku komai ya canza ba. Har yau ba ta faɗin sunana, har yau ba ta kallon fuskata, kuma ba mu sake komawa kan waɗancan maganganun na baranda ba. Wani lokaci ina kewar watannin da ba ni da murya, abin da ba na iya faɗa a gaban likitata. Tambayar ranar aurena tana nan ban yi ba, wataƙila kuma ba zan yi ba.

Muryata ta ƙara ƙarfi a 'yan shekarun nan. A cikin ɗaki, in ba hayaniya, ana jina sarai daga bakin ƙofa, ƙannena duk sun sani. Amma in na je Rigasa har yau raɗa nake yi, ita ma har yau cewa take ba a jina daga can.